Babi na Shida: Nawa Ne Kuɗin Zaman Legas?

A shekarar 2024 jami'an ma'aikatar muhalli ta Jihar Legas suka shiga ƙarƙashin wata gada da ke dab da rukunin gidajen Dolphin a Ikoyi, suka tarar da ɗakuna 86 da aka kekkeɓe a wurin, mutane na kwana suna tashi a cikinsu. Kwamishinan muhalli, Tokunbo Wahab, shi ya sanar da labarin, ya kuma faɗi abin da ya fi ɗakunan kansu tayar da hankali: haya ake biya, kimanin naira 250,000 a shekara kowane ɗaki. Motoci na bi ta bisa kansu dare da rana, wurin kuma ba mallakar mai karɓar kuɗin ba ne, amma duk da haka sai sun biya. Daga baya aka tashe su, aka rushe ɗakunan.

A lokacin, mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 30,000 ne a wata. A watan Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar da ta mayar da shi 70,000, a watan Oktoba kuma Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya ce Legas za ta biya ma'aikatanta 85,000. Masana harkar gidaje suna da wani ma'auni da suka daɗe suna aiki da shi, wanda ya samo asali daga dokokin gidajen gwamnati a Amurka: kada kuɗin muhalli ya wuce kashi 30 cikin 100 na abin da mutum ke samu, domin ragowar ta ishi ci da sha, da sutura, da magani, da makarantar yara. A ɗora albashin 70,000 a kan wannan ma'auni. A shekara ya zama 840,000, kashi 30 nasa kuwa shi ne 252,000. Wato ma'aikacin da ke karɓar sabon albashin nan, wanda aka yi wata da watanni ana kai ruwa rana da ƙungiyar ƙwadago kafin a amince da shi, iyakar hayar da aljihunsa zai ɗauka ba tare da ya takura ba ita ce ta ɗaki a ƙarƙashin gada.

Duk wanda ya zauna a majalisar samari a Kano ko Funtuwa ko Gusau ya ji ana lissafin Legas. Wane yana samun kaza a rana, wane ya aiko an saya masa fili, wane albashinsa ya ninka na malamin makaranta sau uku. Kallon kitse ake yi wa rogo, domin kuɗin shiga kaɗai ake ji, ba a jin na fita. Tambayar da ya kamata a yi ita ce: nawa mutum zai riƙa samu kafin ya zauna a garin nan cikin rufin asiri, shi da iyalinsa, ƙarƙashin rufi ɗaya?

Tsadar Legas daga ruwa ta faro. A cikin jihohi 36 na Nijeriya ita ce mafi ƙarancin ƙasa, Jihar Kano ma ta ninka ta fiye da sau biyar, kuma wani yanki mai yawa na ɗan abin da take da shi tafki ne da rafuka da fadama. Daga kudu teku ya tare ta. A tsakiya babban tafkin Legas ya raba gari, ya bar tsibirai a gefe guda, sauran gari a ɗaya gefen. Kano idan ta cika sai ta ci gonaki ta hanyar Zariya, ta hanyar Katsina, ta hanyar Haɗeja, ko'ina akwai tudu. Legas ba ta da wannan sararin. Sannan ga jama'a. Ƙidayar 2006 ta ba jihar mutum kusan miliyan 9, gwamnatin jihar ta ƙi yarda, ta ce nata lissafin ya ba ta miliyan 17 da rabi, yau kuma ana maganar sama da miliyan 20. An mayar da babban birnin tarayya Abuja a Disambar 1991, amma tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can ba su tashi ba, hedkwatocin manyan bankuna da kamfanoni ma ba su tashi ba. A 'yan shekarun nan an ƙara da sabuwar tashar jiragen ruwa a Lekki da matatar man Ɗangote. Aiki na nan, mutane na ta kwarara, ƙasa kuwa ba ta ƙaruwa sai an ƙirƙire ta.

Ana kuwa ƙirƙirarta. A inda bakin tekun Bar Beach yake a da, an yaso yashi daga cikin teku an cike wuri, an yi katangar manyan duwatsu don tare igiyar ruwa, an sa wa sabuwar ƙasar suna Eko Atlantic. Unguwar Banana Island ma da cikon yashi aka yi ta. Ƙasar da aka kashe wannan dukiya wajen samar da ita ba za a yi wa direban motar haya ta danfo gida a kai ba, da dala ake cinikinta. Ko a unguwannin talakawa, gini a fadama yana cin kuɗi tun daga tushe, kafin bulo ɗaya ya fito sama, kuma a ƙarshe ɗan haya ne zai biya.

Abin da ya fi ciwo shi ne yadda ake samun wani ɓangare na wannan ƙasa mai tsada. A watan Yulin 1990 gwamnan soja Raji Rasaki ya ba mazauna Maroko wa'adin kwana bakwai, sannan katafila ta shiga. Kimanin mutum 300,000 suka rasa matsuguni, wurin kuma yau yana cikin unguwanni mafiya tsada a ƙasar nan. Tsakanin 2016 da 2017 aka tashi masuntan Otodo Gbame a bakin tafki, ƙungiyar Amnesty International ta ce sun haura 30,000. Waɗannan mutane ba barin Legas suke yi ba, domin abincinsu a nan yake. Suna komawa su cusu a ɗakunan Ajegunle da Mushin da Bariga da Ikorodu, masu gidaje kuma su ga masu nema sun ƙaru, su ƙara kuɗi. Duk rusau ɗaya yana taɓa aljihun talakan da ba a ma rushe nasa ɗakin ba.

To, a zo ga hayar kanta. Albashi wata-wata ake biya, haya kuwa ta shekara ake karɓa a dunƙule, kafin a miƙa makulli. A Arewa ma haka ake yi a birane, amma a Legas wutsiyar ta fi tsawo. Dillalin da zai nuna maka gida kan karɓi kuɗin zirga-zirga tun kafin ka ga ƙofar gidan, ko ka so shi ko ba ka so. In an daidaita, yana da la'adarsa, wadda a al'ada kashi 10 ce cikin 100. Akwai kuɗin lauyan da ya rubuta yarjejeniya, shi ma kwatankwacin haka. Akwai kuɗin ajiya na ko-ta-kwana saboda ɓarnar da za ka iya yi wa gida, wanda da yawa ba sa sake ganinsa ranar tashi. A rukunin gidaje masu shinge kuma akwai kuɗin hidima na gadi da shara da famfo. A 2011, zamanin Gwamna Babatunde Fashola, aka yi dokar haya wadda ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin shekara guda daga sabon ɗan haya. Dokar ta ware Ikoyi da Victoria Island da Apapa da Ikeja GRA, ba ta hau kansu ba. A inda ta hau ma, wanda ke da mutum goma a layi suna jiran ɗakinsa ba ya jin tsoron doka. In ya ce shekara biyu, wanda ya ƙi sai ya matsa na bayansa ya shigo.

A ɗauka mutum ya sami gida na naira miliyan ɗaya a shekara, kuɗin da a unguwanni da dama na cikin gari ba zai wuce ɗaki da falo ba. Ranar farko zai ƙirga miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, ban da kuɗin ajiya, ban da katifa da tukunya. Kuma in ana so hayar ta tsaya a kashi 30 na samunsa, sai ya zama yana karɓar kusan naira 278,000 duk wata, wato fiye da ninki uku na mafi ƙarancin albashin jihar na 2024. Shi ya sa ma'aikacin Legas ba ya rabuwa da adashi da bashin ƙungiyar taimakon juna ta ofis. Watanni uku kafin haya ta cika barcinsa ya ragu. Ɗan Arewa kuwa yana da wani rashi da ba ya lura da shi sai ya je: a gida akwai gidan gado. Saurayi ya tashi aure, a yanka masa ɗaki ko biyu a cikin gidansu, a kewaye, a kawo amarya. Wannan ɗakin dukiya ce babba da ba ta taɓa shiga lissafin kowa ba. A Ikko, wato Legas, baƙo ba shi da gidan gado, kowane dare da kuɗi yake sayensa.

Wanda hayar cikin gari ta fi ƙarfinsa sai ya ja da baya, zuwa Ikorodu ko Badagry, ko ma ya tsallaka Jihar Ogun, ya zauna a Mowe ko Ibafo ko Sango Ota, yana shigowa aiki kullum. Abin da ya rage a haya sai mota ta karɓe. Kafin 29 ga Mayun 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Ran nan sabon shugaban ƙasa ya ce tallafin mai ya ƙare, cikin 'yan kwanaki lita ta doshi 500, kafin ƙarshen 2024 ta kai 1,000. Kuɗin danfo ya bi ta, kuma kwandastan Legas yana da farashin safiya, da na yamma, da na ranar ruwan sama. Gwamnati ta yi ƙoƙari a wannan fanni, a faɗi gaskiya. Manyan motocin BRT masu hanyarsu ta daban sun fara aiki a 2008. Jirgin ƙasa na cikin gari ya fara ɗaukar fasinja daga Marina zuwa Mile 2 a Satumbar 2023, wani layin kuma daga Agbado zuwa Oyingbo a 2024. Sai dai yawan jama'ar ya fi ƙarfinsu nesa ba kusa ba.

Akwai kuma abin da ake biya wanda ba kuɗi ba ne. Gadoji uku ke haɗa babban yankin gari da tsibirin Legas: Carter, da Eko, da gada ta uku mai tsawon kilomita kusan 12 wadda Janar Babangida ya buɗe a 1990. Wanda ke son tsallaka su kafin gosulo ya kama, tun kafin kiran assalatu yake barin gida. Musulmi da yawa a tasha ko a bakin ofis suke sallar asuba. Ya dawo bayan isha, yara sun yi barci. Mutum na iya shafe awa huɗu ko fiye a hanya kowace rana, kuma wannan awannin daga cikin barcinsa da lafiyarsa da tarbiyyar 'ya'yansa ake yankarsu. Ni a ganina duk lissafin tsadar gari da bai sa wannan a ciki ba, rabin lissafi ne.

Bayan haya da mota, mazaunin Legas yana saye da kuɗinsa abubuwan da harajinsa ya kamata ya ba shi. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙara wa masu layin da ake kira Band A farashi daga ƙasa da naira 70 zuwa 225 a kan kowane yunit, bisa alƙawarin wutar awa 20 a rana. Wanda ba ya kan wannan layi yana da janareto, janareto kuma fetur yake sha. Gari ne da ruwa ya kewaye, amma famfon gwamnati kaɗan yake kai wa. Mai hali ya haƙa burtsatse, marar hali ya jira 'yan ga-ruwa da kurarsu, na sha kuma ya sayi na leda. A unguwannin bakin teku ruwan rijiya kan zo da gishiri-gishiri ko ja-ja. A watan Yunin 2024 kwalara ta ɓarke a jihar, ta kashe mutane. Da damina kuma ambaliya ba ta bambanta Lekki da Ajegunle, katifa da firiji sukan tafi a dare ɗaya. Makarantar gwamnati na nan amma ta cika maƙil, don haka ko mai sayar da kifi tana ƙoƙarin kai ɗanta ta kuɗi.

Sai abinci, kuma a nan hannun Arewa ya fito fili. Wanda ya je kasuwar Mile 12 da sanyin asuba zai ga tireloli jere, an sauke ƙyaurensu, samari 'yan dako na karɓar kwandunan tumatir a ka suna ratsa caɓi da gudu-gudu, dillalai na tsaye da 'yan littattafansu, matan Yarabawa na ɗaga ganyen da aka rufe kwando da shi suna duba na ƙasa kafin su taya. Ana ware wanda ya farfashe a hanya gefe guda, a sayar da araha ga masu gidajen abinci da marasa hali. Tumatirin nan daga Kadawa ko Ɗanja ya taso, albasar daga Aliero ko Sakkwato, shanun da ake yankawa a mayankar Oko-Oba ta Agege daga Potiskum ko Maigatari ko Illela. Tafiyar kilomita kusan dubu ce. Kuɗin gas na tirela, da abin da ake miƙawa a shingayen hanya, da asarar wanda ya ruɓe, duk suna cikin farashin ƙwayar tumatir ukun da matar ma'aikaci za ta saya a Oshodi. A ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan, ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta dakatar da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki. Tumatir ya yi ta ruɓewa a gonakin Arewa, a Legas kuma farashinsa ya yi tashin gwauron zabo. Daga baya faɗuwar naira ta zo ta ƙara, daga kusan 460 a kan dala ɗaya a farkon 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024 a lissafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Gari mai cin abin da aka yi masa dako daga nesa, ta ƙasa ko ta ruwa, shi ya fi jin irin wannan a jika.

Mai karatu zai ce, in haka abin yake, ta yaya dubban 'ya'yanmu ke zaune a can, da yawansu ba su ma samun mafi ƙarancin albashi, kuma har suna aiko da kuɗi gida?

Zaman Hausawa a Ikko tsoho ne. A 1863 Baturen mulki John Glover ya kafa wata runduna daga Hausawan da ke garin, wadda ake ɗauka a matsayin tushen sojan Nijeriya. Layin dogo ya isa Kano a 1911, ya haɗa fataken goro da na shanu da bakin teku, Agege ta zama zango. Akwai zuriyar da aka haifa a Agege da Idi-Araba da Obalende tun kaka da kakanni, suna da gidajensu da sarakunansu da makarantun allonsu, suna jin Yarabanci kamar Hausa. Waɗannan 'yan gari ne, lissafinsu irin na kowane ɗan Legas ne. Akwai kuma manyan 'yan kasuwa da 'yan canji da ma'aikatan banki da na kwastan, waɗanda samunsu ya kai su kama gida su kawo iyali. Waɗanda nake nufi su ne 'yan ci-rani: 'yan dako, 'yan acaba, 'yan ga-ruwa, masu gyaran takalma, masu yankan farce, 'yan jari-bola, masu shayi, masu gadi. Daga Jigawa da Katsina da Zamfara da Kebbi suke zuwa, har da na Tawa da Maraɗi da Damagaram.

Idan ɗaya daga cikinsu ya zo gida hutun Sallah da sabuwar shadda da babbar waya, yaran gari sukan kewaye shi.

"Kawu, wai nawa ake samu a rana a can?"

"Samu akwai shi, yaro. Kai dai tambaye ni inda ake kwana."

Amsar duk tana cikin wannan. Ɗan ci-rani yana iya zaman Legas da ɗan abin da yake samu ne saboda ya goge manyan layuka daga lissafin. Ya goge haya: yana kwana a rumfar kasuwa bayan an tashi, ko a barandar masallaci, ko a kangon da ba a gama ba, ko su haɗu su takwas su kama ɗaki ɗaya, masu aikin dare su kwanta da rana, masu aikin rana su karɓe su da dare. Ya goge kuɗin mota, domin inda yake aiki nan yake kwana. Ya goge tukunya: shayi da burodi da safe, garau-garau ko ɗanwake da rana, wanka da bayan gida a gidan wanka na kuɗi. A leƙa ɗakin maigadi a bakin get na wani gida a Surulere ko Ikeja. Faɗinsa bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Ga buta, ga rediyo, ga jakar kaya rataye a ƙusa, ga 'yar tireda ta taga da yake sayar da alewa da ashana da sabulu don ƙarin abin da ake biyansa. Da dare 'yan garinsu uku ko huɗu za su lallaɓo su kwana a gefensa, su fice kafin masu gida su farka. Shi da ke tsaron gidan mai ɗakuna shida, ba shi da inda zai sauki matarsa ko na kwana ɗaya.

Babban layin da aka goge shi ne iyali. Matar tana ƙauye a gidan surukai, yara na cin hatsin da aka noma da damina, ɗakin da suke ciki na gado ne. In ya kwanta ciwo mai tsanani, 'yan'uwa su yi karo-karo su sa shi a tirelar da ta sauke kaya za ta koma, a yi jinyarsa a gida. In ƙarfinsa ya ƙare, gida zai dawo ya tsufa. Ƙauyen ne ya raine shi har ya kai ƙarfi, ƙauyen ne zai karɓe shi in ya gaji, Legas kuwa shekarun ƙarfin kaɗai take saya, kuma da araha take sayensu domin ba ta biyan kuɗin renon ko na tsufan. Ladan maigadi da na ɗan dako an yanka su ne a kan cewa mutumin ba shi da kowa a gari. Da za a ce kowane ɗan ci-rani sai an biya shi abin da zai kama ɗaki ya ajiye mace da 'ya'ya uku, da kuɗin gadi da na dakon kaya da na jarkar ruwa sun ninka, da masu albashin da ke kukan tsadar Legas sun ga wata tsadar da ba su taɓa gani ba. Wani ɓangare na sauƙin da suke samu, matan Arewa ne ke biyansa da zaman watanni takwas ko goma ba miji a gida, da yaran da ke tashi suna sanin ubansu ta waya.

Ba na raina wannan nema. Kuɗin ci-rani ya rufa wa gidaje da yawa asiri, ya sayi taki da shanun huɗa, ya yi aure, ya kai tsofaffi Makka. A wuraren da 'yan bindiga suka hana noma, shi ne ma abin da ya rage. Amma zama ne marar tushe, kuma an ga haka a fili. Daga 1 ga Yunin 2022 gwamnatin jihar ta haramta acaba a ƙananan hukumomi shida, wato Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, bayan wani kisan gilla a Lekki da aka zargi 'yan acaba da shi, daga baya ta ƙara wasu huɗu. Gwamnati na da hujjojinta na haɗurra da tsaro, kuma ba duka ne na banza ba. Sai dai baburan da aka kama aka murƙushe, da yawansu jarin gida guda ne, an sayar da akuya da buhunan gero an haɗa, wasu kuma na bashi ne ba a gama biya ba. Mutumin da ba shi da ɗaki, ba shi da takardar aiki, ba shi da ƙuri'a a garin, sanarwa ɗaya ta ishe ta raba shi da sana'arsa.

An taɓa gwada wata hanyar. Lateef Jakande ya mulki jihar daga 1979 zuwa 1983, a cikin shekaru huɗun nan ya gina dubban gidaje masu sauƙin kuɗi a Amuwo-Odofin da Abesan da Iba da Iponri da Isolo da sauransu, malaman makaranta da ƙananan ma'aikata suka mallake su. Har yau da sunansa ake kiran unguwannin. Jihar da ta fi kowace jiha a Nijeriya tara harajin cikin gida ba za a ce ta kasa maimaita wannan don rashin kuɗi ba. Inda aka sa gaba ne ya bambanta.

Saboda haka wanda aka yi wa tayin aiki a Legas, ko malami ne ko direba ko injiniya, kada ya fara da kwatanta albashin da na gida. Ya fara da tambayar kuɗin hayar gidan da zai iya ajiye iyalinsa a ciki, a unguwar da ba za ta ci masa fiye da awa ɗaya zuwa wurin aiki ba. Ya raba kuɗin hayar shekara gida 12, ya ninka abin da ya samu sau uku da ɗoriya, wannan shi ne albashin da zai nema a wata. Ya kuma tambayi mai ɗaukarsa aiki ko zai ba shi kuɗin hayar shekarar farko da na dillali da na lauya a dunƙule, domin ba wanda ke tara su daga albashin da bai fara karɓa ba. In albashin bai kai ba, aikin na iya zama mai kyau duk da haka, amma ya san cewa ci-rani zai je, ko da kwat da takalmi sau-ciki zai riƙa fita. Sai ya zauna da matarsa da iyayensa tun kafin ya hau mota, a yanke wata nawa zai riƙa yi kafin ya leƙo gida, nawa zai riƙa aikowa, kuma shekara nawa za a yi a haka.